Tsohon Fim a Sabon Faifai: Daga Ina Aka Kwafo Shi?

A Sabon Garin Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, shagon hayar kaset ya daɗe da barin gado ga mai tura fim a waya. Duk da haka sha'awar finafinan da ba ta mutu ba. Wanda ya yi samartaka a zamanin Sangaya da Wasila yana son ya sake ganinsu, har ya nuna wa 'ya'yansa. A Turai da Amurka wannan sha'awa kasuwa ce babba: fim ɗaya ya fito a DVD, ya sake fitowa a Blu-ray daga 2006, ya kuma dawo a faifan 4K daga 2016, kowane karo da alƙawarin an wanke hoto an gyara sauti. To in irin wannan haja ta iso kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ta cancanci kuɗin mutumin da ya taɓa sayen fim ɗin a da? A ganina amsar tana wurin asalin da aka kwafo fim ɗin, kuma shi ya kamata mai saye ya fara tambaya kafin ya taya.

Fim ɗin Shaihu Umar ya isa hujja. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a kan fim irin na majigi mai faɗin milimita 35. Shekaru da dama ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Abin da ya sa gyaran ya yi kyau shi ne fim ɗin majigi yana riƙe bayanin hoto fiye da yadda talabijin ɗin wancan zamani ke iya nunawa. Zaren riga, ƙurar hanya, layin fuskar tsoho, duk suna nan kwance a jikinsa, na'urar yau kawai ta fito da su. Wanda ya sayi irin wannan kwafi ya sayi abin da bai taɓa gani ba.

Finafinan Kano na bidiyo kuwa labarinsu daban ne. Turmin Danya, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, da waɗanda suka biyo bayansa a waɗannan shekaru, a kan kaset aka ɗauke su, kuma kaset ɗin VHS ba ya wuce layi wajen 240 na kaifin hoto. Faifan VCD da ya cika kasuwar Ƙofar Wambai daga baya ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Hoton 4K ya ninka wannan fiye da sau 80. Abin da kyamara ba ta kama ba ranar ɗauka, babu gwanin da zai samo shi yau, don haka duk wanda ya rubuta 4K a kwalin fim ɗin da aka ɗauka a kaset, tawada ya sayar. Amma wannan ba ya nufin gyara bai da riba. Kaset ɗin da ya iso gidaje a Wudil kwafin kwafi ne, kuma kowane kwafi yana rage launi ya ƙara shuuu a sauti. Finafinan da aka ɗauka da ƙananan kyamarorin dijital bayan shekarar 2000 ma an matse su ne kafin su shiga VCD, alhali asalinsu na da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, wato kusan ninki huɗu. In aka koma ga masta, wato kwafin asali da ke hannun furodusa, mai kallo zai ga bambanci na gaske, musamman zai ji shi a waƙa.

Wani zai ce ai yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke mayar da dishi-dishin hoto tar. Gaskiya ne suna burgewa a kallon farko, sai dai aikinsu hasashe ne. Inda bayani ya ɓace sai manhaja ta cike da abin da take zato, fuska ta yi sulɓi kamar an shafe ta da mai, ɗinkin hula ya zama wani zane da maɗinki bai taɓa yi ba. Ga fim ɗin da ke adana kamannin Kano da suturarta da 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya, wannan asara ce, ko da hoton ya fi sheƙi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: me zai sa mutum ya sayi faifai, ga YouTube, ga mai tura fim a bakin titi da kuɗi ƙalilan, ga kuma yawancin gidaje babu na'urar kunna faifan? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma ba na ganin faifai zai dawo da kasuwarsa ta da. Amma tsofaffin finafinan da ke yawo a memori galibi daga gajiyayyen kaset ko faifai mai ƙarce aka kwashe su, wasu da guntun ƙarshe, kuma ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya zuba jari. Furodusan da bai ga riba ba, ba zai nemi masta ɗinsa a cikin kwali ya biya a gyara ba. Saboda haka kwafin da ya fito daga hannun mai haƙƙi, da sunansa a jiki da shaidar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, ya cancanci saye, a faifai yake ko a memori. Wanda ɗan satar fasaha ya sake wa kwali bai cancanta ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Kaset yana lalacewa da zafin bazara da danshin damina, ga funfuna da ƙurar hunturu, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016. Masta ɗin 1990 ya haura shekara 30 a ajiye, na'urorin da za su iya karanta shi kuma sai raguwa suke yi a wurin masu gyara.