Tarakta a bisa kamyo: in ta faɗo, wa zai biya?

Da damana ta gabato, manyan kamyo kan kama hanyar Yamai zuwa Dosso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, ɗauke da taraktoci da garemani na aikin gona. Kaya ne masu tsada da nauyi, kuma haɗarinsu ya wuce na buhunnan hatsi.

Tarakta tana da tayu, nauyinta kuma yana can sama. In ba a ja mata birki ba, ba a tokare tayunta da katako ba, ba a ɗaure ta da sarƙa ta kusurwa huɗu ba, taka birki ɗaya ya isa ta turo ɗakin direba, ko ta zame a kwana ta faɗa kan masu amalanke. Garmar da ta zarce faɗin mota kuwa wuƙa ce cikin duhu ga mai babur. Shi ya sa doka mai lamba 14 ta UEMOA, ta shekarar 2005, ta ƙayyade faɗin mota mita 2,55, tsayinta mita 4. Abin da ya zarce haka sai da izini na musamman.

In ɓarna ta auku, dokar OHADA ta 2003 kan jigilar kaya ta hanyar mota ta ɗora alhaki bisa mai jigila tun daga karɓar kaya har miƙa su. Amma diyyar ba ta wuce sefa 5.000 kan kowane kilo, sai in an rubuta ainihin darajar kayan cikin takardar jigila. Ke nan taraktar tan 3 ba ta jawo fiye da miliyan 15, ko nawa aka saye ta. Mai jigila kuma yana iya kuɓuta in mai kayan ne ya yi lodin da kansa bai ɗaure da kyau ba, ko in aibin daga injin ne tun asali. A nan sai magana ta koma ga dillali da masana'anta.

Asiransin dole na dokar CIMA yana biyan mutanen da aka raunata a hanya, ba ya biyan kayan da ke bisa motar. Manomi ko ƙungiyar da ta ci bashi ta sayo tarakta, ta nemi asiransin kaya daban, ta duba injin a gaban direba, ta rubuta duk lahanin da ta gani kafin ta sa hannu. Ƙarar da ta wuce shekara ɗaya, a ƙa'ida kotu ba ta karɓar ta.