Allon fitilu 64 da bai iya rubuta "Ɓaɓura" ba

Duk ɗalibin da ya jona ƙaramin allon fitilun LED da kwamfuta a karon farko, abin da yake ɗokin gani shi ne sunansa ko sunan garinsu yana tafiya a kan allon.

Ɗan Kazaure ba shi da matsala. Haka ɗan Roni da ɗan Gwiwa. Amma ɗan Ɓaɓura, idan ya yi amfani da allon Sense HAT da ake ɗora wa kwamfutar Raspberry Pi, abin da zai gani shi ne "?a?ura". Manhajar allon tana sa alamar tambaya a gurbin duk harafin da ba ta sani ba, kuma ba ta san Ɓ da ɓ ba.

Abin ya fi jan hankali idan aka duba yankin. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha da aka kafa a zamanin gwamna Saminu Turaki. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa jami'ar fasaha a Ɓaɓura. Ke nan garin da ke da jami'ar fasaha, allon koyon fasahar bai iya rubuta sunansa ba.

Yadda allon ke aiki

Raspberry Pi kwamfuta ce da ba ta wuce girman katin ATM ba. An fara sayar da ita a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35, kuma waɗanda suka ƙirƙiro ta a Kambirij da ke Ingila sun yi ta ne don yara su koyi rubuta manhaja. Allon Sense HAT ya fito a 2015, an kuma kai irinsa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa lokacin da ɗan sama jannatin Birtaniya Tim Peake ya je can.

Akwai wanda ya fi shi arha, mai jajayen fitilu, wanda wata 'yar na'ura mai suna MAX7219 ke sarrafawa. Shi ma layi takwas ne a tsaye, takwas a kwance, fitila 64. Wayoyi biyar kawai yake buƙata: biyu na wuta, uku na saƙo.

Na'urar ba ta kunna fitilun gaba ɗaya. Layi ɗaya take kunnawa, ta kashe, ta koma na gaba, tana zagaye allon kusan sau 800 a daƙiƙa guda. Ido ba ya iya kama wannan saurin, sai ya ga kamar komai a kunne yake. Shi ya sa wani lokaci idan aka ɗauki bidiyon irin wannan allo da waya, sai a ga rubutun yana rawa.

Kowane layi lamba ɗaya ce ga kwamfuta. Fitila a kunne 1, a kashe 0. Idan aka rubuta 00011000, wato 24, fitilu biyu na tsakiya ne za su kama. Harafi guda bai wuce jerin irin waɗannan lambobi takwas ba, kuma wani ne ya zauna ya zana su tun farko.

Inda gizo ke saƙar

Masu zana haruffan sun bi tsohuwar ƙa'idar ASCII ta Amurka, wadda ta fito a 1963 da gurbi 128. Wasu manhajojin sun faɗaɗa zuwa 256, suka shigar da haruffan Faransanci da Jamusanci. Ƙ da Ɗ da Ɓ, waɗanda Hausar boko ke amfani da su tun shekarun 1930, ba su samu shiga ba.

Tsarin Unicode ya ba su lambobinsu, shi ya sa wayar da ake karanta wannan rubutu a kai take nuna su. Sai dai harafi ya samu lamba ba ya nufin ƙaramin allo yana da hotonsa. A wasu manhajojin ma ba alamar tambaya ake gani ba, shirin ne yake tsayawa cak.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cire lanƙwasar a rubuta "Babura", kuma ita aka saba gani a allunan shaguna da takardun ofis. Mai karatu yakan gane daga ma'anar jimla. Amma rubutu mai tafiya a kan fitilu takwas ba ya ba da wannan damar, domin harafi ɗaya ko biyu ake gani a lokaci guda. A garin da ke da sarki, "fada" da "faɗa" ba abu ɗaya ba ne. Haka "kafa" da "ƙafa", haka "baki" da "baƙi". Allon da aka rataya don yi wa baƙi maraba bai kamata ya yi wa baki ba.

Aikin yini guda

Gyaran bai kai yadda ake zato ba. Ɗalibi zai ja layuka takwas a tsaye da takwas a kwance a takardar lissafi, ya cike gidajen da yake so su kama, ya mayar da kowane layi lamba. Daga nan sai ya ajiye lambobin a cikin shirinsa na Python, ya umarce shi da ya duba nasa jerin kafin ya duba na manhajar.

Wahalar tana wajen zanen. Ƙaramin b ya riga ya cinye kusan duk tsayin allon, don haka dole a rage masa wuya kafin lanƙwasar ta samu wuri. Lanƙwasar ɗ tana fita ta dama, sai an ƙara wa harafin faɗi. Manyan Ɓ da Ɗ kuwa tasu a hagu take. Idan aka yi ta da fitila ɗaya, daga nesa ba a ganinta. Idan aka yi da uku, ƙ ya fara kama da wani harafin daban. Babu abin da ke raba wannan gardama sai a kunna allon, a ja da baya taku goma, a kira wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta.

Wannan ya fi dacewa da aikin kammala karatu fiye da kwafo shirin da ke rubuta gaisuwar Turanci, wanda dubban mutane suka riga suka yi.

Batun kuɗi da wuta ma yana da sauƙinsa. Raspberry Pi na iya lalata memorinta idan aka ɗauke wuta tana cikin aiki, amma ƙanwarta Pico, wadda ta fito a Janairun 2021 a kan dala 4, ba ta amfani da memori irin wannan. Bolt biyar na fawa bankin waya ya ishe ta ita da allon, ko a ƙauyen da babu layin lantarki.

A rubutun Najeriya haruffa shida ne ke buƙatar zane, manya uku da ƙanana uku, lambobi 48 ke nan. 'Y ta 'Yankwashi ba ta da matsala, tunda alamar da ke gabanta tana cikin ASCII. Amma Ɓaɓura na kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda ake rubuta wannan sautin da ƴ mai lanƙwasa. Wanda yake so allonsa ya yi aiki har Magarya da Damagaram sai ya ƙara zane biyu.