Jar akuyar Maraɗi: Shin launin gashi na nuna lafiyar dabba?

A kasuwannin dabbobi na Maraɗi da Sakkwato, sau da yawa mai saye kan fara duba launin akuya kafin ya duba haƙoranta. Jar akuya ta yi suna wajen haihuwar tagwaye da yawan nono, kuma fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata suna "fatar Maroko".

Saboda wannan daraja, tun zamanin mulkin mallaka jami'an kiwo suka riƙa dandaƙe bunsurayen da ba jajaye ba. A 1963 kuma aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi domin adana irin da yaɗa shi.

Daga ina launi yake fitowa?

Sinadarin melanin ne ke rina gashin dabba, kuma iri biyu ne: ɗaya na ba da baƙi, ɗayan na ba da ja ko ruwan ɗorawa. Ƙwayoyin gado kamar MC1R da ASIP ne ke tsara wanda zai rinjaya.

Kowace dabba na karɓar ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar kan ɓuya ta tsallake haihuwa da dama, sai ta haɗu da irinta sannan ta bayyana. Shi ya sa ɗan akuya kan fito da launin da babu shi a jikin iyayensa.

Wani bincike da masana a Nijar suka wallafa a 2002 ya kwatanta jajayen awaki da baƙaƙe a yankin Maraɗi, bai kuma gano wani babban bambanci tsakaninsu ba wajen haihuwa da girma. Ke nan jan gashi shaidar asali ce, amma ba shi ke kawo tagwaye ba.

Inda launi ke tafe da cuta

A wasu dabbobin lamarin ya fi haka tsanani, domin ƙwayar da ke tsara launi tana da wani aikin a cikin jiki.

Misali, ɓeran hamadar Mongoliya da ake kira jabil, wanda ake kiwo don sha'awa a Turai da Amurka. Mai farin tabo a jiki yana ɗauke da ƙwayar tabon guda ɗaya. Idan aka haɗa masu tabo biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai gaji ƙwayar ta ɓangarorin biyu, ya mutu tun a ciki.

Haka tumakin Karakul masu ruwan toka: ɗan da ya gaji launin daga uwa da uba kan mutu da wuri saboda lalurar tumbi. Fararen kyanwoyi masu shuɗin ido kuwa da yawansu kurame ne, saboda ƙwayoyin da ke samar da launi ana buƙatarsu a can cikin kunne.

Me ya kamata mai kiwo ya duba?

Ga jar akuya, haɗarin yana cikin yadda ake zaɓe. Idan aka dogara ga bunsuru ɗaya shekara da shekaru don kawai jansa ya yi kyau, zai kai ga barbarar 'ya'yansa da jikokinsa. Daga nan lalurorin da ke ɓoye kan fito fili, 'ya'ya su zo da rauni, haihuwa ta ragu.

Maganin hakan shi ne sauya bunsuru kafin 'ya'yansa mata su isa barbara, a samo wani daga garken da ba dangi ba. Kafin a biya kuɗi kuma, a duba haƙori da hantsa da ƙafafu, a tambayi sau nawa uwar ta haihu da kuma nawa suka rayu cikin 'ya'yanta.