"Ɗan Ina Ne?": Ma'anar Sunan Ƙasa A Jikin Kaya

Idan mutumin Tudun Jukun ya shiga kasuwar Tudun Wada zai sayi rediyo ko keken ɗinki, tambayarsa ta farko ita ce, "Ɗan ina ne?" Da zarar an nuna masa sunan Japan ko Jamus a jikin kayan, sai ya saki jiki ya ƙara kuɗi. To, amma me wannan rubutu yake nufi?

Al'adar ta samo ƙarfi a Ingila a 1887, sa'ad da aka kafa dokar da ta sa kayan waje su ɗauki sunan ƙasarsu, don a riƙa gane kayan Jamus a guje su. A yau kuwa, na'ura ɗaya takan haɗa sassa daga ƙasashe da dama. Saboda haka, ƙa'idar da akasari ake bi ita ce, ƙasar da aka yi wa kaya babban aiki na ƙarshe, wanda ya mai da shi sabon abu, ita ke da suna. Alal misali, motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, yawancin sassansu daga Faransa suke zuwa.

Kujerar tausa misali ce mai kyau. A Osaka ta Japan aka fara ƙera ta a 1954, amma yanzu yawancinsu a ƙasar Sin ake yin su. Wani kamfani yakan rubuta cewa a Japan aka "tsara" kujerar, alhali tsarawa daban, ƙerawa daban. Bugu da ƙari, kowace ƙasa da ma'auninta. Amurka ba ta yarda a sa sunanta ba sai kusan dukkan kayan can aka yi shi. Suwizalan kuwa, tun 2017, tana neman kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera agogo a kashe shi a cikinta.

Haka kuma lambobin da ke ƙarƙashin zanen layukan nan na jikin kwali. Lamba 615 ta Nijeriya ce, 690 zuwa 699 na Sin, 45 da 49 na Japan. Sai dai inda kamfani ya yi rajista kawai suke nunawa, ba inda masana'anta take ba.

Abin da ya fi sunan ƙasa muhimmanci shi ne ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin na'ura. Gidajen Japan da bolt 100 suke aiki, na Nijeriya da 230. Kujerar da aka yi don gidan Japan, in aka jona ta nan ba taransifoma, ƙonewa za ta yi, kome ingancinta.

Don haka ya kamata ɗalibai su koyi duba wuta, da shaidar hukumar SON, da takardar garanti, su kuma tambayi ko ana samun kayan gyara. Hausawa dai sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.