Yadda Mai Zane Ke Kafa Sunansa a Intanet

Kafin wayoyi masu kyamara su yaɗu, mai zane ba ya kai aikinsa gaban masu saye sai ta zauren baje koli, wato ɗakin da ake rataye ayyukan fasaha domin a gani a taya, kuma da yake galibin waɗannan zauruka a Najeriya suna Legas ne da Abuja, mai basirar da ke zaune a Zariya ko Damagaram yakan tsufa ba a san da shi ba. Dandalin Instagram, wanda aka ƙaddamar a shekarar 2010 kuma aka gina shi a kan hoto tun farko, yana cikin abubuwan da suka sauya wannan al'amari.

A watan Fabrairu na 2019, Eli Waduba, wani matashi daga Kaduna, ya wallafa a Twitter zanen da ya yi da fensir na ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart, jama'a suka yi ta yaɗa shi har ya kai ga mutumin, wanda ya ce zai saya, ya kuma nemi a zana masa wasu abokansa uku. Ana yawan ɗaukar wannan labari a matsayin sa'a, alhali kuwa abin da ya tsayar da idon masu kallo shi ne ƙwarewar hannu ta shekaru, wadda aka ɗauke ta a hoto mai tsabta.

Wajen ɗaukar hoton ne masu zane da yawa suke cutar kansu, domin mai saye da ke nesa ba zai taɓa takardar ba, hoton kaɗai zai gani. Zanen fensir yana da ƙyalli, saboda haka fitilar kyamara takan wanke inuwar da aka ɓata kwanaki ana gyarawa, kuma abin da ya fi shi ne a ajiye aikin kusa da taga da safe, a riƙe wayar daidai da fuskar takardar don kada gefunanta su karkace. A ƙarƙashin hoton a rubuta sunan aikin, da abin da aka yi shi da shi, da faɗinsa da tsawonsa a santimita, da shekarar da aka gama shi, domin waɗannan ne tambayoyin farko na mai saye na gaske. Gajeren bidiyo da ke nuna hannu yana kan aiki ya ƙara daraja a yau, tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara fitar da hotunan da ake iya ɗauka na ɗan'adam ne.

Sai dai shafi a dandalin sada zumunta rumfar haya ce a kasuwar wani. Tsarin lissafin da ake kira algoridim, wanda ke zaɓar abin da kowane mutum zai gani, kamfani ne ke sauya shi yadda ya so, kuma lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, duk wanda cinikinsa ya rataya a can kaɗai ya ji a jikinsa. Don haka ya dace mai zane ya tattara zaɓaɓɓun ayyukansa a kundi guda, a shafinsa na kansa ko a dandalin Behance, ya kuma adana lambobin abokan cinikinsa a hannunsa, ya riƙa karɓar kafin alƙalami kafin ya fara aikin da aka ba shi, ya tabbatar kuɗin ya shiga asusunsa ba ta saƙon alat kawai ba.

Haƙƙin mallakar zane yana tabbata ga mai shi da zarar ya gama shi ko bai yi rajista ba, bisa Yarjejeniyar Berne ta 1886 wadda Najeriya da Nijar suke cikinta, amma tabbatar da hakan a lokacin gardama yana buƙatar hujja. Saboda haka ya wajaba mai zane ya sa hannu a kan kowane aiki, ya wallafa ƙaramin hotonsa kawai, ya ajiye babban na asali tare da zane-zanen gwaji masu kwanan wata.