Ko Kun Sani? Yadda Shafin Intanet Ke Sanin Kelle Tana Ƙarƙashin Gure

Idan kana cike fom a intanet ka zaɓi jihar Damagaram, sai gundumominta su fito. Ka taɓa Gure, sai ga Bune, Gidigir, Kelle, Gamu da Alakos. To, a rumbun bayanai galibi ba haka aka ajiye su ba. Jeri ne guda miƙaƙƙe, kowane layi ɗauke da lambarsa, sunansa, da lambar uwarsa, wato layin da shi yake ƙarƙashinsa.

Mai rubuta manhaja ne ke mayar da jerin nan gida-gida, jeri a cikin jeri. Sabon shiga yakan ɗauki kowane suna ya bi jerin kaf yana neman 'ya'yansa. Da layi 1,000, kwatantawar za ta kai miliyan ɗaya. Gwani kuwa sau biyu kawai yake bin jerin: da farko ya yi wa kowane layi ma'ajiya da lambarsa, sannan ya miƙa kowa ga uwarsa. Taki kusan 2,000 ke nan. A JavaScript, Object.groupBy da aka shigar a ƙa'idar 2024 yana rage wahalar rarrabawa, flat() na 2019 kuma yana warware jerin ya koma miƙaƙƙe.

Me ya sa ba a ajiye shi gida-gida tun farko? Saboda iyakokin mulki suna canzawa. A 2011 Nijar ta ƙara yawan gundumominta zuwa 63, aka cire Tesker daga Gure ta zama gunduma mai kanta. A jeri miƙaƙƙe, gyaran bai wuce ƙara layi ɗaya da canza lambar uwa ba.