Mai Littafin Bashi Ya Riga Ya Kama Hanyar Rubutu

Sau da yawa matasa masu tsaron shago a Maraɗi da Ƙonni da Jibiya sukan tambaye mu a gidan rediyo yadda mutum zai iya rubuta labari mai daɗin karatu, alhali bai yi nisa a lakkol ba. Amsar da muke ba su ita ce, rubutu ɗabi'a ce ta kullum, kuma ɗan kasuwa ya riga ya mallaki rabinta.

Duk wanda ke riƙe da littafin bashi ya san ba a barin lissafin yau sai gobe, domin kai ba ya riƙo. To, haka magana take. Dillalin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai yi wata magana wajen sasanta mai saye da mai sayarwa, kowa ya fashe da dariya, amma kafin magariba ta ɓace. Mai son rubutu sai ya tanadi kaye na biyu kusa da na bashi, ya riƙa zuba irin waɗannan kalamai a ranar da ya ji su, da boko ko da ajami, yadda mai maganar ya faɗe su, ba tare da gyara ba. Bakatsine da Ba'adare da Badamagare ba su yin ciniki da lafazi ɗaya, kuma wannan bambancin shi ke sa mutumin cikin labari ya tashi da rai. A ganinmu babu makarantar da ta kai rumfar kasuwa wajen koyar da wannan.

Sai kuma lokaci. Wasu bayan asuba suke samun natsuwa, wasu kuwa tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da ciniki ya lafa. Shafi ɗaya a kullum ya isa. Ita ko wayar salula, in ba a kife ta ba, ita za ta cinye wannan ɗan lokacin.

Karatu ma dole ne. Abubakar Imam, wanda littafinsa Ruwan Bagaja ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, sai da ya karanta labaran Larabawa da na Indiya da na Turai kafin ya rubuta Magana Jari Ce, ya mayar da su Hausa har mai karatu ya ɗauka a ƙofar gidansu aka yi su. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci a Kano. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 an fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012.

Abin da aikin rediyo ya koya mana shi ne a karanta rubutu da ƙarfi. Jimlar da ta ƙure maka numfashi a raba ta biyu. Ka karanta wa maƙwabcinka na rumfa, inda ya fara duban titi, nan ne labarin ya yi sanyi.

Abin rubutawa kuma ga shi nan jibge. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, sai a Disamba 2020 aka sake buɗe Illela da Maigatari, sannan aka ƙara rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Motocin albasa da suka ruɓe a kan layi, da ƴan canji da suka wuni babu ko sisi, da matan da suka riƙa bin hanyar daji da kaya a ka, duk ƴan kasuwa ne suka gan su da idonsu. Wanda ya rubuta farashin buhun gero da canjin naira da sefa a waɗancan ranaku yana riƙe da abin da baƙon ɗan jarida ba zai samu ba, sai in ya zo rumfarsa ya tambaya.